Kalmar da Baffa Ya Yar a Gaban Likita

Ko da zan rayu har haƙorana su zube, har in kai inda zan riƙa tambayar jikokina sunayensu, ina jin abu ɗaya zai maƙale a kaina, wato ranar da muka fara kai kakata wurin likita. Ba zan manta da ita ba. Shekaru sun wuce, amma duk sanda ta faɗo mini sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Kuma ba mutum ɗaya nake jin haushi ba. Ina jin haushin Baffa, ina jin haushin likitan, ina jin haushin gidanmu gaba ɗaya, sannan in juyo kan wata yarinya da ta tsaya a jikin ƙofa rungume da littafi, ta ji komai, ta yi gum. Ni ce yarinyar.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira, nesa kaɗan da birnin Wad Madani. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka ni da Inna, mahaifiyata, muka zauna a gidan Kaka, uwar mahaifina. Baffa, yayan mahaifina, shi ne babban gida. Tun yana yaro aka kai shi makaranta a Madani, can ya yi aiki, can ya yi aure, sai dai duk Juma'a yana zuwa ya duba mu. Shi ya tsaya har na shiga jami'a, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ko tarinsa na ji daga waje sai in gyara mayafina.

Kaka kuwa mace ce da ba ta san zama ba. Tun tana budurwa take tsinkar auduga a hawasha, gonar da hukumar noma ta yanka wa kakana, har bayanta ya ɗan rusuna. Da ta daina zuwa gona sai ta koma yawon barka da ta'aziyya. Babu sunan da za a yi ko rasuwar da za a samu a ƙauyuka uku na kusa da mu da ba za a gan ta ba, a ƙafa, da takalminta na roba. Kanta kuma kamar rumbu. In aka rasa wane ne ya haifi wane, ko daga ina kakannin wani gida suka taso a hanyar hajji har suka yada zango a nan, ita ake tambaya.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ma in malami ya kira ni sai muryata ta shige ciki. Abin da na iya shi ne rubutu. Mu yaran lokacinmu Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu ta gaisuwa ce da aike. Kaka takan dube ni ta ce, "Hausarki, ɗiyata, awa kunun da anka tsinka da ruwa." Kunyar wannan magana ce ta sa tun ina sakandare na sayi littafi mai baƙin bango, duk kalmar da na ji a bakinta ban sani ba sai in rubuta, in sa kwanan wata, in sa ma'anarta da Larabci. Kalma ta farko a shafi na farko ita ce wannan "awa". Ba awa ta agogo ba. A bakin tsofaffinmu ma'anarta "kamar". Na rubuta ta, na ja mata layi biyu.

Abin ya fara a hankali, ina ajin farko a jami'a. Na zo hutu na tarar Kaka tana zuba sukari sau biyu a shayin baƙi, ita da take da ciwon sukari, ta shekara da shekaru tana shan ƙwaya, ta fi kowa lura da cokali. Ta tambaye ni yaushe na zo, na faɗa mata, kafin la'asar ta sake tambaya sau uku. Wata rana ta dawo daga maƙwabta da takalmi a ƙafa ɗaya, ba ta ma san ɗayan ya cire ba. In ta zo alwala ta rufe ido za ta wanke fuska sai ta yi tangaɗi, rannan har ta kifar da buta ta faɗi a kan gwiwa. Ta daina cin duk abin da ke da barkono, ta ce harshenta na ƙuna. Ta yi fari fat. Ga saurin fushi, ita da ba a san ta da shi ba.

Kuma kullum tana maimaita magana ɗaya. Za ta zauna bakin gado tana murza tafin ƙafarta, ta ce, "Awa auduga nika takawa. Ban jin ƙasa. Tururuwa na yi mini yawo cikin ƙahwa."

Matan gida da na maƙwabta sai su kwashe da dariya. "Hajja ta koma hawasha! Hajja, buhu nawa kinka cika yau?" Ita kuma sai ta yi tsaki ta juya baya. Ni ina gefe ina rubutawa, don ban san abin da zan yi da maganar ba in ba rubutu ba.

A wannan hutun na fara jin kalmar da na fi tsana a duniya. Larabawa suna ce wa gigin tsufa haraf, mu kuma muka lanƙwasa ta muka mai da ita tamu. "Ta harrafa." Wata maƙwabciya ce ta fara faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, tana kaɗa kai. Kafin mako ya zagayo kalmar ta zauna a gidan kamar da ita aka gina shi. Abin da na gane daga baya shi ne, wannan kalma murfi ce. Da an kifa ta a kan tsoho, shi ke nan, duk abin da ya faɗa bayan nan ba magana ba ce, abin dariya ne ko abin tausayi.

Sai bayan kusan wata shida, da na sake zuwa hutu, Baffa ya ce a kai ta a duba. Wata safiyar Asabar ya ɗauke mu, ni da ita, zuwa wani asibiti a garin da ke kusa da mu. An ce in bi su in riƙe mata jaka. Layi ya yi tsawo, zafi ya yi yawa, kafin a kira mu Kaka ta gaji ta rikice. Da can tana jin Larabcin kasuwa sarai, amma tun da abin nan ya same ta sai Larabcin ya gudu, Hausa kaɗai ta rage mata.

Likitan saurayi ne, idonsa ja don gajiya. Bai ɗago sosai ba ya ce, "Me ke damun Hajja?"

Kaka ta miƙa ƙafarta ta nuna, ta ce da Hausa, a sarari, kalma bayan kalma, "Ɗana, awa auduga nika takawa."

Na ga yadda fuskar Baffa ta canja. Ya waiga ya dubi ma'aikaciyar da ke tsaye, ya dubi mutanen da ke leƙe ta taga. Wanda bai tashi a nan ba ba zai gane ba. Mutum irin Baffa ya yi shekara talatin yana goge harshensa don kada a ji asalinsa a maganarsa, don kada a ofis a ce masa ɗan Fallata, sunan rainin da suke kiran irinmu, sai ga uwarsa tana zuba abin da suke kira ruɗana, wato yaren da ba Larabci ba, a gaban jama'a. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Halas, Inna, halas, ya isa." Sannan ya juya wurin likita, ya yi wani ɗan murmushi na neman afuwa, ya ce da Larabcinsa mai kyau, "Ta ce tana tafiya a cikin auduga. Ka san duk rayuwarta a hawasha ta yi. Tana ganin har yanzu tana can."

Ba haka ta ce ba. Wallahi ba haka ta ce ba. Ta ce awa, wato kamar. Tsohuwa ce ke kwatanta abin da ƙafarta ke ji, Baffa ya mai da ita mahaukaciyar da ba ta san inda take ba. Kalma ɗaya ya yar, mai harafi uku. Har yau ban sani ba ko bai san kalmar ba ne, ko ya sani sauri da kunya suka sa ya tsallake ta. Na taɓa so in tambaye shi, na fasa.

Ni kuwa na ji. Littafin yana ƙirjina, kalmar tana shafin farko da layi biyu a ƙarƙashinta. Na buɗe baki, na dubi ƙeyar Baffa, na rufe bakin. Na ce a raina ai likita ya fi ni sani, zai duba ƙafar ya gane. Bai duba ba. Bai ce ta cire takalmi ba. Ya tambaye ta yau wace rana ce, da Larabci, ta yi shiru tana kallonsa. Ya auna jininta da sukarinta, ya rubuta wani abu, ya ce, "Haraf ne, ya Hajji. Shekaru ne. Ku yi haƙuri da ita, ku kula kada ta fita ita kaɗai." Duka-duka ba mu yi minti biyar ba.

A mota Baffa har ya saki ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa kaya. Yanzu kalmar ta samu hatimin likita.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Aka karɓe makullin ɗakin hatsi daga wuyanta, wanda ta rataya tun kafin a haifi mahaifina. Aka daina tambayarta komai. Mata su zauna a ƙarƙashin rumfa suna maganarta tana zaune a tsakiyarsu, kamar turmi ne ba mutum ba. "Jiya ta jiƙa zaninta." "Allah ya sa mu gama lafiya, kada mu kai haka." Yara suka koyi kwaikwayon tafiyarta, yadda take ɗaga ƙafa sama ta buga ƙasa da ƙarfi tana kallon yatsunta. Wata rana aka yi rasuwa a ƙetaren tur'a, ta ji kuka, ta ɗauki mayafi ta kama hanya kamar yadda ta saba. A kan 'yar gadar ta faɗi. Masu wanki ne suka ɗauko ta, goshinta a fashe. Da Baffa ya zo Juma'a ya sa kafinta ya kafa sakata a ƙofar ɗakinta, ta waje.

Na ga ranar da aka kafa ta. Na ji Kaka tana buga ƙofa tana cewa, "Mi na yi muku? Ni ɓarauniya ce?" Inna tana kuka a madafa, amma ba ta buɗe ba. Ni ma ban buɗe ba. Na haɗa kayana na koma makaranta, na ce wa kaina karatu ya kira ni.

Wata takwas aka yi a haka. Ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don kowane wata a cikinsu yana da abin da ya ci.

A ɗakinmu na jami'a akwai wata ƙawata 'yar garin Rusairis mai karatun likita. Ni ilmin harshe nake karantawa, ba ruwana da littattafanta. Amma in jarrabawa ta matso takan ba ni littafi in riƙe in riƙa yi mata tambayoyi. Wata rana da hantsi muna zaune a gindin dogonyaro, ta ce in buɗe babin ƙarancin bitamin. Ina bin layi da yatsa ina karantowa, sai na iso wani wuri na tsaya. Marubucin yana lissafa abin da ke samun wanda jikinsa ya rasa bitamin B12. Mantuwa da rikicewa, musamman ga tsofaffi. Saurin fushi. Harshe ya yi ja ya yi sulɓi yana zafi. Jin kamar ƙwari na tafiya a ƙafa. Faɗuwa in an rufe ido. Sannan ya ce mai ciwon yakan kwatanta da cewa yana ji kamar a kan auduga yake tafiya.

"Yi tambaya mana, ke 'yar nan," in ji ƙawata. "Kin yi shiru kamar an aiko miki da mutuwa."

Na ce, "Wannan yana warkewa?"

"Allura ce kawai. In an gane da wuri." Ta karɓi littafin ta nuna mini ƙasan shafin. "In aka bari ya daɗe, jijiya tana lalacewa, ba lallai ta dawo ba. Me ya faru?"

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko littafina na baƙin bango, muka jera su biyu a kan tabarma. Duk abin da ke cikin nata yana cikin nawa, da kwanan wata, da Hausar Kaka. Ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Ashe tsohuwar nan ta fi shekara tana faɗa mana sunan ciwonta daidai yadda yake a littafin likitoci, mu kuma muna tambayarta buhu nawa ta cika.

Ranar Alhamis ce. Washegari da sassafe na hau ƙaramar bas zuwa gida. Na san bayan sallar Juma'a Baffa yana zama a diwan, ɗakin baƙin maza da ke ƙofar gida, ya ci abinci da dattawan unguwa. Mace ba ta shiga wurin in maza na ci, balle yarinya. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Sau biyu na yi kafin a ji.

Baffa ya ɗago. "Ke kuma yaushe? An rufe makarantar ne?"

Na ce, "Baffa, Kaka ba ta harrafa ba."

Hannuwa suka tsaya a cikin tire. Wani ya yi ɗan tari.

"Shiga gida, zan zo."

"Ba zan shiga ba sai ka ji." Ban san daga inda muryar ta fito ba. Tana rawa, amma ta fito. "Ranar da muka je asibiti ba ka faɗa wa likita abin da ta ce ba. Ba ta ce tana cikin auduga ba. Ta ce awa auduga take takawa."

"To mene ne bambancin? Ke yanzu shekara ɗaya a jami'a kin zama likita? Ko ni za ki koya wa maganar uwata?"

Na buɗe littafin na fara karantawa, don in na dubi fuskarsa na san zan karye. Na karanta ranar takalmi, ranar buta, ranar da ta ce harshenta na ƙuna, kowace da kwananta. Na faɗi abin da na gani a littafin ƙawata. Na ce akwai allura. Na ce kowane mako da muka ƙara muna cin ƙafarta ne.

Baffa ya miƙe tsaye, idonsa ya kaɗa. Sai wani dattijo da ke zaune a kusurwa, abokin marigayi kakana, ya suɗe yatsunsa ya ce, "Zamna, ɗana. Yarinya na da gaskiya wurin guda. Awa, kamar ce. In uwarka tac ce awa auduga, ba ta ce tana gona ba. Wanda yas san ya ce kamar, ai hankalinai bai tahi duka ba." Ya ƙara da cewa, "Mu ma mun ji tana hwaɗi. Ba mu dai saurara ba."

Baffa ya koma ya zauna. Na jira ya tambaye ni me ya hana ni magana tun a ranar. Na ma shirya amsa mai zafi. Bai tambaya ba. Sai dai ya ce, "Lahadi. Ku shirya ta."

Na wuce ciki kai tsaye na zare sakatar nan. Abin da na gani a ɗakin ba zan rubuta shi duka ba. Ta rame, tana kwance ta fuskanci bango, ƙafafunta kamar sandar rake. Ta dube ni ba ta gane ni ba.

Likitar da muka gani a Madani mace ce mai furfura. Tun daga ƙofa na ce, "Ni zan fassara." Baffa bai musa ba. Duk abin da Kaka ta faɗa na mayar da shi yadda yake, har da tsakinta. Likitar ta cire mata takalmi da hannunta. Ta buga wani ƙaramin ƙarfe mai baki biyu ta ɗora a idon sawunta, ta ce ko tana jin rawarsa. Kaka ba ta ji ba. Ta ɗora a gwiwa, da ƙyar. Ta duba harshe, ta duba cikin ido, ta tura mu gwajin jini. Da sakamako ya fito ta ce abin da ƙawata ta karanta ne.

Sannan ta fara tambayoyin da suka sa na so ƙasa ta tsage. "Me take ci?"

Me take ci? A gidanmu tiren nama diwan yake fara zuwa, abin da ya dawo a raba wa yara. Kaka haƙoranta sun zube, ta daɗe da cewa a bar wa masu haƙori. Madarar akuya jikoki take tura wa. Ƙwai na baƙi ne. Abincinta asida, tuwon dawarmu, da miyar busasshiyar kuɓewa, sai shayi. Shekara da shekaru. Tun da aka ce ta harrafa kuma sai aka koma ba ta kunu zalla, wai ya fi sauƙin dafawa da sauƙin wanki. Muna yabonta da cewa ba ta da kwaɗayi.

Likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce wannan bitamin a nama, hanta, kifi, ƙwai da madara yake. Ta ce cikin tsoho ma ko ya ci ba ya tsotsarsa kamar na yaro, kuma irin ƙwayar sukarin da Kaka ta daɗe tana sha takan ƙara rage shi, shi ya sa ya kamata a riƙa dubawa. Ta ce ba kowace mantuwar tsoho ce wannan ba, akwai wadda ba ta da magani, amma ba a yanke hukunci sai an nemi mai magani an rasa. Daga nan ta ce, "Tun yaushe ta fara cewa ba ta jin ƙasa?"

Baffa ya ce, "Kwanan nan ne, 'yan watanni."

Na buɗe littafi na ce, "Wata goma sha huɗu da kwana tara."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta dubi Baffa, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kan zai iya dawowa, in sha Allah. Ƙafar ban yi muku alkawari ba."

Aka fara allura, da farko a jere, daga baya aka riƙa tazara. Inna ta koyi daka hanta ta tace a miya. Mako biyu ba mu ga komai ba. A na uku Kaka ta kira ni da sunana. Wata biyu bayan nan, wasu mata suna gardama a tsakar gida kan wace ce kakar wata amarya, sai muka ji murya daga kan gado ta warware musu zaren tun daga tushe, har da garin da aka bar kakar a hanya. Ba duka ya dawo ba, takan manta abin da ta ci da safe. Amma ita ce. Ta sa aka cire sakatar aka jefa a tur'a, ta karɓi makullinta.

Ƙafa kuwa ba ta dawo ba. Tururuwar ta ragu, amma ƙasa ba ta ƙara jinta ba. Daga gado zuwa rumfa sai da sanda da kafaɗar mutum. Ta rayu shekara huɗu bayan nan, ba ta sake taka gidan suna ko na rasuwa ba. In ta ji guɗa daga nesa sai ta juya kai wajen, ta tambayi gidan wa, ta aika ni da gaisuwa. Matan nan da suka yi mata dariya su ne suka riƙa zuwa suna cewa, "Alhamdu lillahi, Hajja ta warke." Ni kuwa in na ji sai in tashi in bar wurin, don kada in faɗi abin da zai sa a ce ba ni da tarbiyya.

Wata Juma'a da yamma ina yi mata tsifar kai sai Baffa ya shigo. Ya durƙusa a gaban gadon, babban mutum da furfurarsa, ya ce da Hausa, ba da Larabci ba, "Inna, ki yafe mini."

Ta bar shi a durƙushe har sai da na ji nauyin abin. Sannan ta ce, "Na yahe ma. Amma ka ji. Ɗan aike ba shi rage saƙo a hanya. In ya yi ma nauyi, ka aje, wani ya ɗauka." Ya ce to. Ya tashi ya fita yana share fuska da hannun riga.

Na ji wani daɗi a raina, irin na wanda aka rama wa. Ina ci gaba da tsifa sai ta kamo hannuna ta baya, ba ta ma juyo ba. Ta ce, "Ke kau, ɗiyata. Rannan da ba ni da baki, na waiga ina neman wanda ka jin Hausata. Na gan ki tsaye bakin ƙohwa."

Ta saki hannuna ta ce in ƙarasa mata kan kafin magariba.

Na yi shekaru ina ɗaukar shiruna ladabi ne, mutane ma suna yaba mini a kai. A ranar na gane akwai shirun da cuta ne, kuma wani ke ɗaukar ciwonsa ba mai shi ba. Abin da na koya ke nan, na kuma koye shi da tsada. In tsohonku ya fara mantuwa, kada ku yi saurin kifa masa suna ku huta. Ku tambaye shi me yake ji, ku saurari amsar har ƙarshe, ku duba abin da ke cikin kwanonsa, ku kai shi a gwada jininsa, ku kai maganarsa wurin likita yadda ya faɗe ta. In kuma kai ne ƙaramin da ke tsaye a gefe, ka ji babba ya yi kuskure a kan lafiyar wani, ka yi magana a lokacin. Muryarka ta yi rawa, a harare ka, a ce ba ka da kunya. Harara tana wucewa kafin la'asar. Ni na guje mata na minti ɗaya, kakata ta yi shekara huɗu a zaune.